Ƙafar da Ta Ƙi Jin Ruwan Inna

Akwai tabo a bayan ƙafata ta hagu, daga gindin yatsu har kusa da idon sawu, fari-fari, fatar wurin a tamuke. Idan na cire takalmi a gidan suna sai in ga idon wata ya sauka a kai, ta yi maza ta ɗauke. Masu tausayi sun sha ba ni shawarar in riƙa sa safa, ko in rufe shi da lalle. Ban taɓa yi ba, kuma ba ni da niyya. Duk wadda ta kuskura ta tambaya, zan zaunar da ita in ba ta labarin tun daga farko, ko da tukunyarta na kan wuta.

Ni tela ce. Tun kafin aure nake taka keke, kuma da aka kai ni ɗakina a Kankiya yana cikin kayan da suka bi ni, irin baƙin nan mai ƙafafun ƙarfe da ake takawa. Da cikina na fari ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu, Bauranya, goyon ciki. Na lulluɓe keken da tsohon zane, na ce masa sai bayan arba'in.

Naƙuda ta fara mini da hantsi, ina tsince shinkafa. Ban gaya wa kowa ba. Haka aka rene mu: haihuwar fari abin kunya ce, ba a raki, ba a kiran uwa. Na shige ƙuryar ɗaki na durƙusa, na ciji gefen zanena. Ko da Inna, mahaifiyata, ta gane, na riga na yini. Ita ma ta ce haihuwar fari ta gaji nawa, a ƙara haƙuri. Kwana biyu na yi a durƙushe kafin Baba ya nemo mota aka kai ni asibiti a Kankiya. Allah ya yi da sauran kwanana, na haifi 'ya mace, tana raye. Har yau idan na tuna wannan kunya da ba ta tsinana mini komai ba sai in ji haushin kaina.

Da na sauko daga gado zan zagaya, sai ƙafar hagu ta ƙi ɗagowa. Cinya tana aiki, gwiwa tana aiki, amma daga idon sawu zuwa ƙasa sai lilo take yi, yatsun suna jan siminti. Na taɓa bayanta, ban ji hannuna ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce in dawo ranar Alhamis, akwai matar da ke zuwa daga Katsina tana duba irin wannan. Inna ta ce to. Muna shiga mota ta ce sanyi ne ya shige ni, kuma ta san maganinsa.

Sai an san Inna za a gane abin da ya biyo baya. Ba ungozoma ba ce, amma duk unguwarmu idan ana maganar wankan jego ita ake nema. Tana da rabin duro da ta girme ni, baƙi ƙirin, da murhunta na musamman a bayan ɗaki. Safe da yamma za ta tafasa ruwa da ganyen bedi, wato darbejiya, har ya yi kore, ta tsoma damin ganyen ta riƙa fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi. Ba ta gwada zafin ruwa da hannu, domin hannunta ya daɗe da daina jin zafi. Da bakin mai jego take gwadawa. Idan kin ce wash, ruwa ya yi. Idan kin yi shiru, sai ta ƙara na tukunya.

Bayana ya ce wash, cikina ya ce wash. Ƙafar hagu ba ta ce komai ba.

Saboda haka Inna ta ware mata kwano nata na daban. Bayan wanka sai ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsuguno, ta tsoma ƙafar, ta jiƙa tsumma ta danna a bayanta.

"Kin ji?"

"Ban ji ba, Inna."

"Sanyin ga ya yi nisa," in ji ta, ta ɗebo na tukunya ta ƙara.

Kwana uku muna haka. A rana ta huɗu ta ɗaga tsumman sai fatar ta biyo shi. Ina kallon naman ƙafata ja wur, ban ji ko da ɗigon zafi ba, kuma wannan rashin jin ya fi ƙunar ba ni tsoro. Inna ta ture kwanon gefe. Ta shafa zuma, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Ranar suna aka zaunar da ni a tsakiyar gado cikin sabuwar atamfa, aka ja zane aka rufe ƙafafuna, mata suna shigowa suna cewa mai jego ta yi kyau.

Maigidana ne ya yaye zanen da yamma, bayan an watse. Mutum ne mai sanyin hali, ko kallon idon Inna bai taɓa yi ba, balle ya yi mata musu. Amma ya yi dabara. Ya aika aka gaya mata cewa dole a kai jaririya rigakafi, kuma ba a karɓar jariri sai da uwarsa. Ya zaɓi ranar Alhamis.

A asibiti, bayan an wanke ƙunar an sa magani, sai aka nuna mana wani ɗaki a can ƙarshen baranda, wurin masu gashin ƙashi. Na iske mata a kan tabarmi, wasu da tsohon ciki ana koya musu yadda za su tashi daga kwance ba tare da ƙugu ya riƙe ba, wata mai goyo ana nuna mata yadda za ta riƙa matse ƙasan mararta saboda fitsari yana zubo mata in ta yi tari. Na tsaya ina kallonsu, raina ya ɓaci. Wata tara ina fama da ciwon baya ana ce mini haka ciki yake, ashe akwai ɗakin da ake koya wa mace yadda za ta lallaɓa jikinta.

Matar da ke duba su gajeriya ce, mai ƙaramar murya. Ta sa na rufe ido, ta riƙa taɓa ƙafar da murfin biro tana tambayata ina na ji. Tafin ƙafa na ji. Baya da gefen ƙwauri, shiru. Ta tambayi tsawon lokacin da na yi a durƙushe, na faɗa mata. Ta tambayi wanda yake yi mini wanka, na ce uwata. Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya kare Inna, amma ba ta yi ba.

"Mai jego, ba sanyi ba ne," ta ce. "Jijiya ce ta danne saboda dogon durƙuso. Sau da yawa takan farfaɗo, sai dai ba ta da gaggawa, kuma ba zan yi miki alkawarin rana ba. Abin da nake tsoro shi ne ki bar sawun yana lilo har ya sandare a haka. In ya sandare, ko jijiyar ta farka ba za ta iya ɗaga shi ba."

Ta hana a sake kusantar da ruwan zafi ga wurin da ba ya ji. Ta karɓi ɗankwalina ta zarga shi a tafin ƙafar, ta nuna mini yadda zan riƙa jawo yatsun sama. Ta ce in kwanta da katako a ƙarshen gado ya tokare tafin, in kuma riƙa takawa a tsakar gida ina dafa bango. Sai ta tambayi sana'ata.

"Ɗinki nake yi."

"Keken hannu ko na ƙafa?"

"Na ƙafa."

Ta yi dariya. "Ashe maganinki yana ɗakinki. Da zarar ciwon ya kame, a cire igiyar keken, ki ɗora ƙafa biyu a kan matakin. Ta dama ta yi aikin, ta hagu ta bi ta. Safe, rana da yamma."

A mota na gaya wa maigidana ya kawo mini keken Bauranya. Sai da muka wuce gonaki da yawa sannan ya ce, "Inna fa?" Na ce Inna uwata ce, ni zan ji da ita, shi dai ya kawo.

Ban ji da ita ba. Na bari ta gama ba ni kunun kanwa, na lallaɓa na faɗa mata abin da aka ce. Maganar ruwan zafi ta wuce ba musu, ko kallona ba ta yi ba. Da na zo kan keke sai ta ajiye ludayi.

"Mai jego bisa keke? Cikin gidan ga?"

"Ba ɗinki zan yi ba, Inna. Motsa ƙafar kawai."

"Wa za ya tsaya shi tambaye ki ko ɗinki ne? Ƙararshi za a ji. A ce ɗiyata ko sati ukku ba ta yi ba na sa ta neman na abinci. Ke ba ki san mi mutane ke cewa ba?"

Na san abin da suke cewa. Mutuncin uwa a wurinmu yana ga yadda ta mayar da 'yarta ranar arba'in: ta yi ƙiba, ta yi haske, tafin hannunta ya yi laushi don ko tsinke ba ta ɗaga ba. Matar da ta wanke 'ya'yan mutane shekara da shekaru, a ce tata 'yar tana aiki cikin jego, wannan zagi ne. Na fahimce ta sarai. Amma na kalli ƙafata tana reto a bakin gado, na ga shekarun da ke gabana ina jan ta a ƙasa, na ce a raina a zage mu.

Maigidana ya kawo keken bayan kwana goma, lokacin ciwon ya fara kamewa. Ya sauke shi a zaure, ya gaida Baba a tsaitsaye, ya gudu. Baba ya shigo da shi ɗakina. Na cire igiyar, na ɗauki ƙafar hagu da hannu biyu na ɗora, na sa ta dama na taka. Sawun da ya yi mako uku a sake ya fara sama da ƙasa. Ƙarar kuwa, duk wanda ya san keken da ba a sa wa mai ba ya san ana jin ta har gida uku.

Washegari mata suka fara shigowa barka ta biyu, wadda babu ita a al'ada. Wata ta ce ta ji kamar ana ɗinki. Wata ta ce yaran yanzu ba su da jimirin zama. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce mai jegon da ta motsa jiki kafin arba'in, jikinta ba ya komawa har abada. Na ce mata nawa ai ya riga ya tafi, nemo shi nake yi. Inna ta harare ni har na ji a wuyana.

Wata rana na fito daga wankan safe na tarar babu keke a ɗaki. Inna ta ja shi ita kaɗai, ban san da wane ƙarfi ba, ta kai shi rumfar awaki a can ƙarshen gida, ta kifa masa tsohuwar tabarma. Lissafinta mai sauƙi ne: gurguwa ba za ta ƙetare tsakar gida ba, kuma mai jego ba za ta zauna cikin kashin awaki ba.

Na shayar da jaririya, na kwantar da ita. Na ɗauki taɓarya na dogara. Tsakar gidanmu ba ta da wani girma, amma ran nan sai da na huta sau uku, ina ɗaga gwiwa sama don kada yatsun su kama ƙasa. Na kifa turmi na zauna, na kori wata akuya da ke cin gefen tabarmar, na fara takawa. Ina cikin haka mata biyu suka yi sallama da ƙwaryar fura. Suka ga mai jego da sabuwar atamfa a tsakiyar awaki tana taka keken da babu zare. Na gaishe su da kyau, na tambayi mutanen gida, ban tsaya da takawa ba.

Suna fita Inna ta iso kaina.

"So kike ki tona mani asiri a garin ga."

"Ƙafata nake so, Inna."

"Ƙahwa ta Allah ce. In ya so ta tashi, tana tashi kina kwance."

"Ina kwance kika ƙona ta."

Ban yi nadamar keke ba, ban yi nadamar rumfar awaki ba, kuma da za a sake sai in sake. Wannan magana ɗaya ce nake jin ciwonta har yau. Gaskiya ce, amma Inna ta riga ta sani, ba ta bukatar ji daga bakina. Fuskarta ta saki. Ta juya ta shiga ɗakinta, ta saki labule. Da la'asar na ji ana jan ƙarfe a ƙasa, na leƙa na gan ta tana mayar da keken ɗakina. Ta ajiye shi kusa da taga, ta ɗora kwalbar man gyaɗa a kai don a ɗiga wa wurin da ke ƙara.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, amma wanka bai fasa ba. Kuma kada wani ya ɗauka na tsani wankan. Ina son sa. Babu abin da ke sauke gajiyar haihuwa kamar ganyen nan mai zafi a gadon baya. Ƙafar kawai muke ɗorawa a kan kifaffen kwano can gefe, a rufe da leda.

Da ƙunar ta warke, matar asibiti ta ce a waya ana iya wanke ƙafar da ruwa mai ɗumi, amma sai wani ya gwada shi tukuna. Na faɗa wa Inna. Da safe ta sirka ruwa a kwano, ta sa hannu, ta cire, ta dubi hannun. Ta san ba shaida ba ne. Sai ta tuɓe takalminta, ta tsoma ƙafarta ta hagu, ta bar ta a ciki tana kallon bango.

"Tunda taki ba ta magana, tawa ta yi mata," ta ce. Ta cire, ta ɗauki tawa ta sa.

Haka ta riƙa yi kullum, safe da yamma, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Arba'in ta zo ƙafa ba ta tashi ba. Sawun bai sandare ba, yana lanƙwasuwa lafiya in an ja shi, amma in na ce masa ɗago sai ya yi kamar ba da shi nake ba. A nan ne na fara karaya. Na yi kuka a kan keken, ina takawa ina kuka. Dangin maigidana mata suka zo ɗaukata kamar yadda aka saba. An yi gara, an ɗaure kaya. Na san idan na koma Kankiya akwai girki da shara da baƙi, kuma babu mai riƙe mini jaririya in yi abin da aka ce in yi. Na buɗe baki zan ce ba inda za ni, sai Inna ta riga ni.

"Ba ta gama wanka ba."

Babbar cikinsu ta ce, "Yau hwa kwana arba'in cif."

"Ni ke wankan, ni ka sanin ranar da ya ƙare. Ku ɗauki garar ku tahi da ita, ku gaida mutan gida."

Matar da ta ja keke zuwa rumfar awaki don gudun bakin mutane, ita ce ta tsaya a ƙofar ɗaki ta karya arba'in a gaban surukai. An yi maganar a Bauranya, an yi ta a Kankiya. Ba ta ko waiwaya ba. Ita da kanta ta fara raka ni asibiti ranar Alhamis, da jikarta a baya, tana zaune a bakin ƙofa tana kallon abin da ake yi wa matan da ke kan tabarmi.

Wata safiya, muna cikin wata na uku, ta gwada ruwa da ƙafarta kamar kullum, ta sa tawa. Ina wasa da jaririya a cinyata, ban ma san na yi magana ba.

"Inna, ruwan nan ya huce."

Ta ɗago kai. "Da mi kika ji?"

Na dubi kwanon. Hannayena biyu suna riƙe da yarinya, ƙafar dama tana kan tabarma.

Inna ba mai saurin yarda ba ce. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini ido, ta zaro tsinken tsintsiya, irin yadda ta ga ana yi da murfin biro. Ta taɓa, na ce gefen ƙwauri. Ta taɓa, na ce kusa da babban yatsa. Ta ɗaga tsinken ba ta taɓa ba, ta ce ina, na ce ba ki taɓa ba. Sai na ji ta kama ƙafar da hannu biyu ta riƙe, ta daɗe a haka. Ban kwance ɗankwalin ba sai da na ji ta gama share hanci.

Babban yatsan ya fara motsi bayan kamar mako biyu, ɗan kaɗan, sai an zura ido. Sauran suka biyo a hankali. Na yi wata huɗu da 'yan kwanaki a Bauranya bayan haihuwa. Har yanzu in na gaji ƙafar takan ɗan ja, kuma ba na iya gudu da silifa. Amma da ita nake taka keke, da ita na yi goyo uku bayan wannan, kuma a dukkansu naƙuda na farawa nake faɗa da babbar murya.

Kafin in tafi na mayar wa keken igiyarsa, na ɗinka wa Inna riga, abu na farko da ƙafar ta ɗinka. Ta juya ta ciki da waje ta ce wuyan ya yi faɗi. Ranar tafiya motar ta tsaya a bakin hanya, aka ce a matso da ita ƙofar gida, na ce a bar ta inda take. Na goya 'yata, na fito ta gaban gidajen duk matan da suka zo mini barka ta biyu, ba taɓarya, ba dafa bango, tabon a buɗe. Inna tana bayana da ƙullin kaya a ka, sanye da rigar mai faɗin wuya. Wata ta leƙo ta ce ashe mai jego ta miƙe.

"Ta miƙe," in ji Inna. "Ni na ƙona ta, ita ta tashe ta. In taki ɗiyar ta haihu ta ce ba ta jin ƙahwa, kada ki kira ni da tukunya, ki nemi mota."